Maɗacin Gonarmu a Cikin Kwalba

Maɗacin gonarmu ta Durun ba irin na bakin titi ba ne. Su waɗancan tun suna ƙanana wata tsutsa take shiga ta cinye musu kai, sai su yi rassa tun daga ƙasa, su tashi a karkace, ba mai samun katakon kirki a jikinsu. Namu kuwa ya miƙe sambal, sai mace ta ɗaga kai har ɗankwalinta ya zame kafin ta ga reshen farko. Babanmu a nan ya tarar da shi, shi ma bai san wanda ya shuka ba. A gindinsa muke ajiye tulu da ƙwaryar fura in ana noma.

Sassaƙarsa ba sabon abu ba ne. Tun muna yara mai jego takan aiko, ko mai ciwon ciki, a ɗebi kamar tafin hannu daga gefe guda, Baba ya kwaɓa laka ya shafe wurin, kafin damina ta zagayo ya warke. Abin ya lalace ne da aka shiga zamanin tsuke bakin aljihu. Ki kai yaro asibiti jikinsa kamar garwashi, a duba shi, a ce je ki kemis. A kemis a faɗa miki abin da ko akuyarki kika sayar ba za ta biya ba. To ina mutum zai nufa? Sai gindin maɗaci. Daga Gude ake zuwa, daga Kabo ake zuwa, har da masu buhu da suke kaiwa kasuwa. Baba ya rasu, ba mai shafa laka kuma. Shi kuwa itace ta ɓawo yake rayuwa. In sassaƙa ta zagaye shi ta haɗe, ya mutu ke nan, ko da ganyensa yana nan kore shar.

Na taɓa kama wata da gatari a hannu. Na daka mata tsawa tun daga nesa.

"Ke baiwar Allah! Gonar ubanki ce?"

Ba ta gudu ba. Ta kwance goyo ta juyo min da yaron, idanunsa sun yi ruwan ɗorawa.

Ta ce, "Yaya, ga gatarin, ki karɓa. Ki ba ni allura."

Na zo da zagi cike da baki, na rasa inda zan sauke shi. Ƙarshe ni na nuna mata inda za ta sara, can sama kaɗan, don kada ta haɗe zoben.

A lokacin ina aiki a gandun rainon itatuwa da ke bayan garin Gwarzo. Mijina ya rasu, ni ke riƙe da gida. Aikina cika leda da ƙasa da taki, da ban ruwa. Da yamma kuma ina zuwa ajin yaƙi da jahilci, ina da jika a lokacin, ana yi min dariya ana cewa boko bayan furfura. Na ce su yi, ba da haƙoransu nake karatu ba.

Shugabar wurin wata 'yar Filato ce, Kirista, gajera mai tabarau, muna ce mata Dakta. A kan itatuwa ta yi karatunta. Turawan da suka kafa gandun sun daɗe da tafiya, kuɗin ya bi su, ita ta ƙi motsawa. Wata rana ta ji ni ina haɗa baƙaƙen da ke jikin buhun taki da ƙarfi, sai ta ce, "Mama, kin iya karatu? Zo ki taya ni a ɗaki."

Ɗakin nan ba mai shigarsa da takalmi. Kantoci ne jere da kwalabe, a gindin kowace kwalba akwai wani abu kamar kafaffen koko, a kansa kuma ɗan tsiro bai kai farcen yatsa ba. Dakta ta yi min bayani yadda zan gane. Ta ce in ka shuka iri, abin da zai fito ɗa ne, kuma ɗa ba ya zuwa sak ubansa. Amma in ka yanko idon reshe ka ɗora a kan abincin nan, ya yi toho, ka raba tohon ka sa a wasu kwalabe, su ma ka raba, to duk abin da ya fito itacen nan ne shi kansa, da miƙewarsa da halinsa. Daga ido ɗaya sai a cika gona.

Kayan aikin na asali duk sun ƙare. Kwalaben na man shafawa ne da na zuma, nake bi gida-gida ina roƙo. Kokon da sitacin rogo take dama shi, da sukarin kasuwa, da ɗan garin magunguna da take aunawa kamar mai auna zinare. Muna dafa komai a wata tukunya mai murfin ƙarfe da take huci. Wuta in an kawo, an kawo, in an ɗauke mu jawo kantoci bakin taga. Abu ɗaya ne ba shi da madadi, shi ne sifirit. Da shi ake goge hannu da tebur, a tsoma aska da matsefata a kara a harshen fitila, ita ma fitilar shi take sha. Saboda abin da tsiro yake ci, funfuna ma shi take so, kuma ta fi shi sauri. Ƙwaya ɗaya ta faɗa a kwalba lokacin da aka buɗe, kafin mako ta rufe komai.

Sifirit na kwalba mai tambari ya fi ƙarfinmu tuntuni. Na kemis kuwa ɗan mitsitsi ne, ga tsada, ga shi an sirka shi da ruwa har ba ya kama wuta. Don haka Dakta takan je birni ta sayo giyar ogogoro a jarka wurin wata mata a Sabon Gari, ta dawo ta sake tace shi a wata tukunyar gilashi har ya yi ƙarfin da take so. Na sani tun ranar farko, hancina lafiya lau yake. Na ce ni dai ba sha zan yi ba, kuma ina wanke hannu da sabulu kafin in yi alwala.

Ni na ja ta zuwa Durun. Da ta ga maɗacin ta cire tabarau ta goge ta mayar. Ta zagaya shi tana dafa tabon sassaƙa. Abin da ya rage na ɓawo mai rai bai fi faɗin hannuna ba.

Muka sa aka hau aka yanko mana ƙananan rassa. Duk wanda muka ɗora a kwalba sai ya zubo da wani ruwa ja, kokon ya yi baƙi, ya mutu. Muka sake, muka sake, haka dai. Sai Dakta ta zaunar da ni.

"Mama, tsohon reshe ba ya yarda. Ya manta yadda ake zama jariri. Amma in aka sare itacen tun yana da rai, kututturen zai yi toho, shi kuma toho ɗanye ne, zai kama."

"A sare shi?"

"Zai mutu dama. In ya mutu a tsaye, babu toho, babu komai."

Gonar a hannun yayana take, malami ne mai makarantar Islamiyya a Kabo. Na same shi a zaure bayan la'asar. Muka gaisa, ya tambayi yara da aiki da gajiya, na bari ya gama kaf sannan na faɗa masa.

Ya ce, "Ke dai tun kina yarinya ba kya kawo magana mai sauƙi. Itacen da ya ga kakanmu za ki mayar cikin kwalbar man shafawa?"

Na ce, "Yaya Malam, yaushe rabonka da zuwa gonar? Je ka gani da idonka. Kai kana nan kana karanta babin tsarki, ana can ana feɗe shi da ransa."

"To in hana su? In ce wa mai ɗa a kwance haramun ne?"

"Ban ce ka hana ba. Ni ma na kasa."

Ya ja carbinsa. Can ya ce, "Ita matar nan, kin tabbata ta iya?"

Na ce na ga ta yi da wasu itatuwan da idona. Gaskiya na faɗa, na gani.

Ya je ya duba, ya dawo, sai aiko masu zarto da ya yi. Ban je wurin saran ba. An ce da ya faɗi har a cikin gari an ji. Katakon ja wur, ba ƙulli ko ɗaya, masassaƙin yana shafawa yana salati. Yaya ya ƙi sayarwa, ya sa aka yi bencina da ƙofofi na makarantarsa.

Da ruwa ya sauka kututturen ya yi toho, jajaye, masu laushi kamar kunnen jariri. Na kewaye shi da ƙaya. Mukan je da sassafe mu yanko, mu naɗe a jiƙaƙƙen tsumma. Wannan karon suka kama. Ranar da na ga ido na farko ya buɗe a cikin kwalba, na fita waje na rangaɗa guɗa, ma'aikata suka fito a guje sun ɗauka maciji ne.

Sai dai kututturen bai daɗe ba. Masu neman magani ba su fasa zuwa ba don itace ya faɗi. Suka janye ƙayar, suka sassaƙe abin da ya rage, suka tona saiwa. Awaki suka gama da tohon, gara ta gama da sauran. Kafin rani ya yi nisa babu komai a wurin sai rami. Daga nan duk abin da ya rage na maɗacin Baba a duniya yana kan kanta biyu a ɗakin Dakta.

Ban damu ba a lokacin, don suna ta yawa. Amma ba su isa fita ba. Sai an yi ta raba su ana sauya musu abinci duk wata, sannan a koma wani abincin da zai sa su yi saiwa, sannan a saba musu da iska a hankali. Kowace sauyawa sai an buɗe kwalba, kowace buɗewa sai da sifirit.

Ana cikin haka aka ƙaddamar da shari'a. Ni ina cikin waɗanda suka yi murna, kuma ba na jin kunyar faɗa. Na ga abin da giya ta yi wa gidajen ƙawayena. Ban taɓa kawo wa raina cewa abin zai biyo ta ɗakinmu ba, sai da jarkarmu ta kusa ƙarewa Dakta ta ce matar Sabon Gari ta aiko cewa tana haɗa kaya za ta koma garinsu, saura jarka ɗaya, in muna so mu zo.

Dakta ta ce ba za ta iya zuwa ba. Ta ce, "Mama, ni baƙuwa ce. In aka gan ni da jarkar nan a Gwarzo, ba wanda zai ce ta itace ce. Za a ce ga abin da take yi a ɗakin da ba a shiga."

Na koma wurin Yaya.

Ya ce, "Abin da aka hana shi ne sha, da sayarwa don a sha. Wanda ake goge aska da shi, malamai sun yi magana a kai, ni dai ban ga inda za a yi wa mutum bulala saboda shi ba. Amma saye daga hannun mai giya, wannan da sauran magana."

"To ka raka ni, in an tambaya ka yi bayani."

"In raka ki gidan giya da rawanina? Ke kina da hankali kuwa? Gobe wa zai kawo min ɗansa?"

Na ce, "Bencinan da suke zama a kai fa, daga ina suka fito?"

Ni ma na san ba shi da yadda zai yi, amma sai da na faɗa.

Na tafi ni kaɗai. Na ce wa zai binciki tsohuwa mai hijabi har ƙasa? Na karɓi jarkar, na sa ta a buhu, na ɗora ganyen alayyafo a sama. Abin da ban lura ba, murfin ya tsage, an dai toshe da leda. Rana ta take, ga tafiya. Kafin in isa tashar motar Gwarzo buhun ya jiƙe.

Direban wani dattijo ne mai ƙaton tumbi. Ya ɗaga buhun zai sa a but, ya tsaya, ya shinshina, ya ajiye shi a hankali kamar ƙwai.

"Hajiya, wannan alayyafon naki a ina aka shuka shi?"

Na ce, "Maganin itace ne."

"Itace! Wallahi na yi shekaru ina tuƙi ban taɓa ganin itace yana tangaɗi ba."

'Yan kamasho suka kwashe da dariya. Na yi musu bayani tiryan-tiryan, da kwalba da funfuna da kututture. Ina magana ina jin yadda zancen yake fita kamar tatsuniya. Wata mata a cikin mota ta ce, "Ko kunya, da girmanki da hijabinki." Na ce mata ta sauko ta shinshina bakina in ta isa. Ba ta sauko ba.

Direban ya rage murya. "Hajiya, ni na yarda da ke, don mai sha ba ya faɗa haka. Amma akwai masu tsayar da mota a hanya. In suka buɗe but, ke tsohuwa ce, za a yi miki wa'azi a sallame ki. Ni motar ba tawa ba ce, kuma da ita nake ciyar da gida. Ki yi min rai."

Na bi motocin layin ɗaya bayan ɗaya, labari ya riga ni. Mutane suka fara taruwa, wasu samari suna tambayar me ake ciki, muryoyi suna tashi. Wani tsoho mai sayar da goro ya matso kusa da ni ya ce, "'Yar nan, zubar da shi da hannunki tun ana dariya."

Na duba, babu fuska ɗaya da zan ce ga mugu. Na ja buhun zuwa bakin kwata na tuntsurar da jarkar. Wasu suka yi kabbara. Direban ya ba ni gidan gaba, ya ƙi karɓar kuɗin mota har Gwarzo.

Dakta ba ta yi min faɗa ba, da ma ta yi. Muka shiga dabaru. Muka gwada ruwan bilic, ya kashe funfunar ya haɗa da tsiron. Muka kara aska a fitilar kananzir, ta yi baƙi da hayaƙi. Muka hura gawayi a ƙofa, toka ta tashi. Muka tafasa komai har hannuwana suka saɓule. Ta rubuta wa na sama da ita, aka ce a jira kasafi. Duk kwalba goma da muka buɗe, da kyar biyu su tsira. Da safe in na shigo sai in tarar da farin gashi ya fito a gindin tsiro, jibi ya zama kore, gata baƙi. In ɗauka in kai bayan ɗaki in wanke. Ni na roƙo kwalaben nan gida-gida, ni na wanke su ɗaya bayan ɗaya suna komawa fanko.

Muka cire wasu muka dasa a leda tun ba su yi saiwa ba, muka rufe da farar leda don laima. Suka yi kwanaki a tsaye kamar za su yi, sannan suka kwanta.

Da aka kai saura kwalba ɗaya mai tsabta, Dakta ta ce kada a taɓa ta sai an sami sifirit. Ba a samu ba. Aka yi mata canjin wurin aiki, aka sa wa ɗakin kwaɗo. Ranar da za ta tafi ta miƙo min kwalbar naɗe a ɗankwalinta.

"Mama, in kin buɗe zai mutu. In ba ki buɗe ba, abincin zai ƙare."

"To me zan yi?"

Ta cire tabarau ta goge, ba ta mayar ba. Ta ce, "Ki sa shi inda haske yake."

Na ajiye shi a tagar ɗakina. Tsiro uku ne a ciki, mai tsawon ya kai ɗan yatsana, ya miƙe sambal har ya taɓo murfi ya fara lanƙwasa. Kokon yana ja da baya, yana tsagewa. Ganyen ƙasa suka fara yin ruwan ɗorawa.

Yaya ya zo Gwarzo ta'aziyya ya biyo ta gidana. Bai taɓa ganin kwalaben ba sai ranar. Ya ɗauka da hannu biyu ya kai saitin idonsa, ya daɗe yana kallo.

"Wannan shi ne?"

"Shi ne."

"Ganyen kuwa irin nasa ne." Ya juya kwalbar. "Ƙishi yake ji. Ba a ɗan ɗiga masa ruwa?"

"Ba a buɗewa."

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan, Yaya."

Ya mayar da ita inda take, ya gyara mata zama ta fuskanci haske. Ya ce in an jima zai aiko min da benci ɗaya daga makaranta, akwai wanda ya yi musu yawa. Na ce ba na so. Ya aiko duk da haka.

Da ganye ya rage biyu a saman mai tsawon, na ce mutuwa dai mutuwa ce, gara ya yi ta a ƙasa. Na soya yashi a kasko ya huce, na wanke hannu har gwiwa, na yi bisimilla na buɗe. Warin ɗakin Dakta ya bugo ni. Na zaro shi a hankali, babu saiwa ko ɗaya, gindin fari fat. Na dasa, na kifa masa kwalbar, na ajiye a inuwar bencin. Ya kwana huɗu ko biyar a tsaye.

Kwalbar tana nan, gishiri nake zubawa a ciki.